Yajin da Aka Yi wa Saude

Bara'atu mai ƙuli-ƙuli ta shekara ashirin da shida a gidan Malam Sama'ila ba ta taɓa yin yaji ba. Ba zuciya ce ba ta da ita ba, dalili ne ba ta samu ba. Malam Sama'ila mutum ne da in akuya ta ci masa dawa, shi zai ba akuyar haƙuri. Shi ya sa ranar da ta tashi ɗaure kayanta, a daminar shekara ta biyu da yanke jihar Zamfara daga Sakkwato, sai da ta tsaya a tsakar ɗaki tana tunanin me ake sa wa a ƙullin yaji. Ta sa zani uku da carbi, ta cire madubi, ta mayar da madubi, daga ƙarshe har ludayi ta jefa ciki.

Abin da ya jawo wannan tafiya yana bayan katangarta. Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na Bashiru direba, a Shiyar Ɗorawa ta garin Bungudu, kuma katangar ba ta riƙe sirri. Shekara huɗu ke nan Bara'atu tana jin yadda Bashiru ke dukan matarsa Saude, marainiyar da wata gwaggonta ta riƙa a Gusau, gwaggon kuma ta rasu shekarar da aka yi auren. Da can ana jin kuka. Daga baya kukan ya ɗauke, sai ƙarar dukan kawai, kuma wannan shirun ya fi kukan tayar wa Bara'atu da hankali. Kunnen Saude na hagu ya daina ji. Mako biyu da suka wuce hannunta na dama ya karye, aka ce zamewa ta yi a bakin rijiya. Ba a taɓa ganin rijiya mai santsi irin ta gidan Bashiru ba: ta fasa leɓe, ta kumbura ido, yanzu ga shi ta kai ga ƙashi. Bara'atu tana tsoro, tsoro na gaske, kada wata safiya a ce rijiyar ta gama aikinta.

Ba za a ce ba a yi komai ba. Mata sun kai kuka wurin mai unguwa, shi kuma ya kafa kwamiti na maza bakwai. Zaman farko aka ƙare shi a kan sunan kwamitin. A zama na biyu wani ya ce yanzu da aka yi sabuwar jiha, duk abin da ba shi da hatimi ba abu ba ne, don haka sai aka ɗunguma zuwa Gusau a sassaƙo hatimi. Motar Bashiru aka shiga, akori-kurar nan tasa mai launin ruwan toka, domin ita kaɗai ce mota a shiyar. Ya kai su ya dawo da su cikin fara'a, suka ga ya nuna kishin al'umma, suka ƙara shi a kwamitin ya zama na takwas.

Doka ɗaya kwamitin ya taɓa yi, ita ce ba a ambaton sunan kowa, saboda rufin asiri. Liman ya yi wa'azi mai ratsa jiki a kan "wani mutum a wani gida" da ke ɗaga wa iyalinsa hannu. Bashiru yana sahun gaba yana girgiza kai, yana cewa Allah ya shirye shi.

Da Bara'atu ta ga haka sai ta tara matan shiyar a gidanta ranar suyar ƙuli-ƙuli, su ashirin da uku, kowa ta zo kamar mai neman man gyaɗa. Saude ba ta zo ba, don ba a barin ta ko ƙofar gida.

"Mazan ga ba su jin magana sai ta ciki," in ji Bara'atu. "Yanzu noma ya kankama, kowa na jiran a kai mishi abinci gona. Ranar Alhamis mu yi yaji, dukanmu, rana guda. In yunwa ta murɗe su, su da kansu za su tambayi dalili, su da kansu za su kama mai laihin."

Inna Yelwa ungozoma, wadda ke zuwa tana shafa wa Saude magani a hannu, ta ɗaga yatsa.

"Ni da mijina ya shekara tara a ƙasa, wa zan yi ma yaji?"

"Ki yi ma ɗanki, Inna. Ai shi ma gemu gare shi."

Inna Yelwa ta ce dama tana da abin faɗa a kansa, za ta tafi gidan ƙanenta a Nahuce. Mansura, wadda ta yi aji uku a makarantar 'yan mata a Gusau, ta yago takarda ta rubuta sunan kowace mace, a gefensa kuma gidan uban da za ta: tara Gusau, huɗu Tsafe, wasu Mada, wasu Nahuce. Waɗanda iyayensu ke cikin Bungudu titi kawai za su tsallaka, amma su ma an ce su ɗaure ƙulli babba don abin ya yi kwarjini.

Can wata ta ce, "To ita mai abin hwa?"

Kowa ta sunkuyar da kai, domin dokar rufin asiri ta riga ta shiga jikin mata fiye da yadda ta shiga na masu ita. Aka ce za a sanar da ita. Bara'atu ta ɗauka Inna Yelwa ce za ta faɗa mata wajen shafa magani. Inna Yelwa ta ɗauka Bara'atu ce, tunda katangarsu ɗaya. Mansura kuwa ta bar layi guda babu rubutu a ƙasan takarda, tunda ba a ambaton suna.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan maza sun fita gona, mata ashirin da uku suka fito bakin titi da ƙullaye da goyo da 'yan yara na biye. Hadari ya haɗo ta gabas. Mota ɗaya ce a tsaye, kuma kowa ya san ko ta wane ne. Bara'atu ta so ta ce a jira wata, amma ruwa ya fara yayyafi, jarirai suka fara kuka. Bashiru ya sauko yana murna, yana karɓar ƙullaye yana jerawa, har Inna Yelwa ya tallafa ta hau.

"Halan biki anka yi ba mu sani ba?" ya tambaya.

"Sha'ani ne," in ji Inna Yelwa, ta kawar da kai.

Sawu biyu ya yi zuwa tashar Gusau. Bara'atu ta duba cikin motar ba ta ga Saude ba, sai ta yaba wa hankalinta a zuci: ai mai yaji ba ta shiga motar mijinta, tabbas tun da sassafe ta yi gaba.

Daga Gusau ta shiga motar Tsafe. Ta iske mahaifinta, Baba Abdu, tsohon da ya haura tamanin, a zaure yana tufkar igiya. Ya dubi ƙullin, ya dube ta.

"Mi Sama'ila ya yi miki?"

"Bai yi min komi ba, Baba."

"Ya zage ki?"

"Malam ko kaza bai iya zagi ba."

"Ya hana ki ci ko sutura?"

"A'a."

"To mi kika zo yi da kaya haka?"

"Yaji."

"Yajin mi?"

"Na wata ne, Baba. Ba a ambaton suna."

Tsoho ya ajiye igiya. Ya ce ya ga an yi wa mutum aikin Hajji a madadinsa, ya ga an yi wa mamaci sadaka, amma yau Allah ya nuna masa yajin wakilci. Ya ce ta shiga ciki, kada ruwa ya jiƙa ta.

Kwana uku Bara'atu tana zaune gidan ubanta tana jin kanta kamar wadda ta ci yaƙi. Duk sanda ta kai lomar tuwo baki sai ta tuna mazan Shiyar Ɗorawa suna can suna tauna ɗanyar gyaɗa, sai tuwon ya ƙara mata daɗi. Takan ɗan tausaya wa Malam, amma ta ce ai magani ba ya rasa ɗaci.

Rana ta huɗu da safe aka ji ƙugin akori-kura a ƙofar gida. Bashiru ne ya ɗebo mazan da matansu ke Tsafe, sun zo biko, wato lallashin mai yaji ta koma ɗakinta. Kasuwa ta buɗe masa, kullum yana kan hanya tsakanin Gusau da Mada da Tsafe da mazaje a baya, kowa rungume da goro. Malam Sama'ila ya shigo zaure da ƙullin goro da turmin atamfa, ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, biko na zo. Ban san laihina ba, amma na tuba, kuma ba ni ƙarawa."

Aka kira Bara'atu. Ta zauna daga gefe ta saci kallon mijinta. Babu alamar yunwa a jikinsa ko kaɗan. Kumatunsa ma har wani sheƙi suke yi.

"Malam, wa ke ba ku abinci?"

"Ai Allah ya rufa asiri," in ji shi da zuciya ɗaya. "Matar Bashiru tana nan."

Sai ya kwashe labari ya faɗa. Ranar farko sun wuni da yunwa. Da la'asar kwamiti ya zauna, kuma a karon farko tun kafa shi ya yanke shawara: a zagaya shiya a ga gidan da hayaƙi ke tashi. Gida ɗaya aka samu. Aka tattara hatsin gida ashirin da uku aka kai can, aka aro tukunyar biki. Tun daga ranar Saude ke dafa wa shiyar gaba ɗaya, safe da yamma, da hannu guda.

"Yarinyar kirki, ko uffan ba ta cewa," in ji Malam Sama'ila. "Sai dai maganar da mutane ke yi a ƙohwar masallaci ba ta yi min daɗi ba. Wai duk matan da ba a taɓa duka ba sun tahi, wadda ta zauna ita ce ta Bashiru. Har wasu sun hwara zuwa wurinshi neman shawara. Jiya kwamiti ya rubuta mishi takardar yabo, anka buga hatimi." Ya numfasa. "Ni dai abin da na gani, an bar jaki ana dukan taiki. Mu mi munka yi?"

Kunya ta rufe Bara'atu, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Gyaran gangar Auzinawa suka yi. Sun tashi ceton yarinya, sun bar ta ita kaɗai a cikin maza, sun ɗora mata tukwanen shiya a kan karyayyen hannu, sun kuma ɗaura wa mai dukanta rawani. Haushin kanta ya taso mata, ya haɗu da na mijinta.

"Malam, bayan katanga guda muke kwana ni da kai, shekara huɗu. Kunnena kaɗai ke ji?"

Malam Sama'ila ya dubi ƙasa.

"Saude," in ji Bara'atu da ƙarfi, ta juya wajen mahaifinta. "Sunanta Saude, Baba. Ita munka yi ma yajin, kuma ba wadda ta gaya mata."

"To ko an gaya mata, gidan wa za ta?" tsohon ya tambaya.

Bara'atu ta buɗe baki za ta ba da amsa, sai takardar Mansura ta faɗo mata a rai. Kowane suna da gidan uba a gefensa. Layin ƙasa ba suna kaɗai ya rasa ba, har gidan babu. Su da ke da inda za su sun tafi, ba su taɓa tambayar kansu me ya zaunar da Saude shekara huɗu ba.

Baba Abdu ya murza igiya a cinya. Sannan ya ce, "Ɗakin uwarki na nan tun da ta rasu, sai kaji ke kwana ciki. Tahi ki ce mata tana da uba a Tsafe. Amma kada ki jawo ta. Yaji da ƙahwar mai shi ake yin shi."

A motar Bashiru suka koma, don ba wata. Yana tuƙi yana taya Malam Sama'ila murnar biko mai sauri, yana cewa mace sai da hannu mai ƙarfi. Bayan azahar ya sauke su a Bungudu, ya wuce Nahuce da ɗan Inna Yelwa, wanda zai je bikon uwarsa.

A ƙofar gidan Bashiru maza ne zaune a jere a inuwa, kowa da kwanonsa a gaba. Mai unguwa na tsakiya yana tsara wanda za a fara zuba wa, hatimi na leƙowa daga aljihunsa. Bara'atu ta ratsa su ba ta gaida kowa ba.

Ta iske Saude a tsakar gida, tsaye gaban tukunyar da ta kai mata ƙugu, tana tuƙa tuwo da hannun hagu, ta tokare muciya da kafaɗa. Hannun dama na ɗaure da karare da tsumma, ya kumbura har yatsu. Sai da Bara'atu ta zagaya ta ɓangaren kunnen da ke ji sannan ta san an shigo.

"Yaya, kun dawo? Sannu da hanya." Ta yi murmushi. "Na ɗauka biki kunka tahi ba a gayyace ni ba. Na ce halan don idon ga nawa ne, kada in ɓata muku taro."

Bara'atu ta fashe da kuka. Cikin kukan ta faɗa mata komai, tun daga ranar suyar ƙuli-ƙuli har layin da Mansura ta bari babu rubutu. Saude ta saki muciya tana kallon ta.

"Ni anka yi ma yaji? Ku ashirin da uku?"

Sai ta kama dariya. Ta yi dariya har ta dafa bango, har hawaye suka zubo, har dariyar ta koma wani abu daban. Da ta lafa sai ta share fuska da gefen zani.

"Na gode, Yaya. Amma ni ban da inda za ni. Da ina da shi, da ba ki ƙara jin motsina a bayan katanga ba tun shekarar hwarko."

"Kina da shi. Babana ya ce in gaya miki kina da uba a Tsafe, an share miki ɗakin innata. Ya ce kada in jawo ki. In kin ga za ki, mu tahi. In kin ga ba za ki ba, ni ma ina nan."

Saude ta dubi tukunya. Tuwon na tafasa yana huci.

"Ban kwashe ba," in ji ta a hankali.

"Bar shi."

Saude ta juya wa tukunya baya. Sannan ta shiga ɗaki. Bara'atu ta bi ta don ta taya ta haɗa kaya, tunda yanzu ta ɗan san kan abin, amma ba a buƙaci taimakonta ba. Saude ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani ɗan ƙulli da ƙura ta rufe.

"Shekara uku yana nan a ɗaure," in ji ta.

Da suka fito maza suka miƙo kwanoni, sai suka ga ƙulli. Mai unguwa ya miƙe.

"Ina za a kai ta? Tuwon hwa?"

"Ba kai ni za a yi ba," in ji Saude. "Yaji zan tahi, gidan ubana."

"Ke da ba ki da uba?"

Malam Sama'ila ne ya amsa, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. "Tana da shi, a Tsafe, surukina ne. Kuma wani mutumin ga na wani gida da muke ta hwaɗi, sunanshi Bashiru. Mun san shi. Kwana huɗu muna cin tuwon matar da ya karya ma hannu, har muna neman ƙari. Ranka ya daɗe, in hatimin ga na da amfani, a rubuta sunan a buga shi, a kai ma alƙali."

Ƙaurin tuwon da ya kama ya fito daga cikin gida ya bi layin kwanoni, ba wanda ya iya tashi ya sauke. Malam Sama'ila ya raka su bakin titi, ya tsayar musu da motar da ta fito daga Sakkwato. Bara'atu ta bar masa saƙo ga sauran mata cewa kada wadda ta karɓi biko sai takardar nan ta isa inda za ta. Ya tambaya ko har da ita, ta ce har da ita.

Kafin magariba suka isa Tsafe. An kori kaji, an share ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Saude ta zauna a bakin gado, ƙullinta a cinya, ta rasa yadda za ta yi da hannunta mai lafiya.

"Yaya, in an yi yaji, mi ake yi?"

"Zama ake yi."

"Zama kawai?"

"Kawai."

Suna nan sai aka ji takun namiji a tsakar gida, yana nufo ɗakin, da gyaran murya. Kafin Bara'atu ta ce wani abu, hannun Saude ya riga ya tashi ya kare kanta, ta ƙanƙame jiki ta rufe ido.

Baba Abdu ya ɗaga labule, ya ga hannun. Sai ya saki labulen, ya ja da baya, ya zauna a ƙasa daga waje da ƙoƙon da ke hannunsa, duk da gwiwoyinsa ba sa son zaman ƙasa. Daga can ya yi sallama.

"Ni ne, ɗiyata. Hura na kawo miki. Ba ni shigowa sai kin ce."

Tsohon ya ci gaba da zama, Bara'atu ma ba ta motsa ba. Aka kira sallar magariba yana nan. Can hannun ya fara sauka a hankali, har ya kwanta a kan ƙullin.

"Shigo, Baba," in ji ta.